Baƙon da Ke Cikin Uwar Garke

Uwar garke ita ce babbar kwamfutar makarantar, wadda duk sauran suke jingine da ita. Sakamakon jarrabawa na shekara tara yana cikinta, da rajistar ɗalibai, da takardun darasin malamai, da tambayoyin gwaji na 'yan ajin ƙarshe. Kwamfutoci talatin da biyu na ɗakin koyo ba su da abin kansu sai allo da madannai. In ta yi tari, duk sai sun yi. Tana zaune ne a wani ɗan ɗaki bayan ɗakin malamai, wanda a da sito ne na tsintsiya da bokiti, a kan teburin da aka tokare wa ƙafa ɗaya da bulo.

Shekara huɗu ke nan malamar kwamfuta tana lallaɓa ta. Fankar da ke hura mata iska daga ɗakin Malama ta fito, tun ranar da ta taɓa murfin ta ji kamar tukunya a kan wuta. Duk kwamfutar da ta mutu a makarantar ba ta barin a jefar sai ta buɗe cikinta ta tsince abin da zai yi amfani, ta adana a gwangwanin madara. Hotunan ɗalibai ta rage musu nauyi ɗaya bayan ɗaya. Ta toshe kallon bidiyo, abin da ya sa malamai suka yi wata guda ba sa amsa gaisuwarta da daɗin rai.

A taron farkon zango Shugaban makarantar ya ce kada kowa ya sa rai da sabon faifan ajiya bana, rufin babban zaure ya cinye komai. Malama ta koma ta yi rabon wurin ajiyar da ke cikin injin: kowane malami giga biyu, ofis giga ashirin, sauran na jarrabawa. Bisa lissafinta wurin da ya rage zai kai su ƙarshen shekara, har da ɗan canji.

Sati uku da komawa ta duba ta ga giga arba'in sun yi ɓatan dabo. Ta ɗauka ita ce ta yi kuskure. Sati na gaba wasu arba'in suka bi su.

Ranar Talata 'yan ajin ƙarshe suna tsakiyar gwaji, alluna suka tsaya cak. Wata yarinya a layin gaba ta danna amsa, alamar jira ta yi ta juyawa har yarinyar ta kifa kai a kan tebur. Minti goma sha biyu kafin abin ya motsa. Babbar jarrabawar gwaji, wadda ɗalibai casa'in da shida za su zauna a rukuni uku, saura mata sati uku. In haka ta faru ranar, Malama ta san sunan wa za a kira.

Zuciyarta ta tafi kai tsaye wurin malamin labarin ƙasa, wanda kowa ke kira Taswira. Bara ta kama shi da finafinan duwatsu masu aman wuta har giga goma sha biyar, ya ɓoye su a foldar da ya raɗa wa suna "rajistar aji biyu". Ta same shi a ɗakin malamai yana jiƙa burodi a shayi.

"Malam, me ka zuba a uwar garke kwanan nan?"

"Ni?" Ya ajiye kofin. "Giga biyun da kika yanka mini ko taswirar unguwarmu ba za su ɗauka ba. Me zan zuba?"

"Bara ma haka ka ce."

"Bara na yi, na amsa, kin goge. Yanzu kuma duk abin da ya ɓata a makarantar nan ni ne?"

"Zan rufe asusunka na shiga injin har kwana uku in gani."

Malaman da ke wurin suka daina abin da suke yi. Taswira ya goge bakinsa da hankici, a hankali, ya ce, "Rufe. Amma tunda yau ranar tambaya ce, ni ma ina da tawa. Wa ya sayar wa makarantar nan uwar garken? Wan mijinki. Wa ya zo farkon zango yana cewa ta tsufa, a sayi sabuwa? Wan mijinki. Sai ga shi tun daga ranar ta fara ciwo, kuma makullin ɗakin yana jakarki. Mu dai muna kallo."

Babu wanda ya ce masa ya yi shiru. Wannan ne ya fi yi mata ciwo, domin ta gane maganar ba yau aka fara ta ba, yau ne dai aka yi ta a gabanta.

Gaskiya ne wan mijinta ne ya kawo injin. Yaya yana da shagon kwamfuta da kyamarorin tsaro a bakin babban titi, kuma shi ne ya yi mata hanyar aikin nan lokacin da ta gama karatu tana zaune a gida da goyon 'yan biyu. Duk wata biyu yakan leƙo makarantar, ya hure ƙura, ya duba wayoyi, ya sha shayi a ofishin Shugaba, ya tafi. Ba ta taɓa tsayawa a kansa yana aiki ba. Wan miji ne, ko haɗa ido ba ta cika yi da shi ba.

Ta rufe asusun Taswira. Kwana uku suka wuce, wuri bai daina raguwa ba. Ta buɗe masa.

Daga nan ta fara kallon kowa. Sakatariya tana daɗewa a ofis bayan an tashi. Me take yi? Malamin lissafi ya sayi sabuwar waya, kullum tana jone da waya a kwamfutar ɗakin malamai. Har 'yan ajin ƙarshe ta bi asusunsu ɗaya bayan ɗaya, ba ta samu komai ba sai wasiƙar soyayya guda biyu da hoton wata mota. Ta haɗa nauyin duk foldar da take iya gani, ya ba ta giga ɗari shida. Injin kuma ya ce ɗari tara ke cike. Ɗari uku suna wani wuri da idonta bai kai ba.

Ta je ofishin Shugaba. Mutum ne mai taushin murya, wanda bai taɓa ce wa kowa a'a kai tsaye ba, bai kuma taɓa cewa e ba.

"Ranka ya daɗe, ban da ni, wa ke da babbar kalmar sirri?"

"Ai ke ce mai ɗakin, Malama."

"Na sani. Amma akwai wani?"

Ya ɗauki biro ya mayar da shi cikin kofi, ya gyara zaman wata takarda da ba ta karkace ba. "Ki ƙara matse malamai. Kowa a ba shi giga ɗaya. Tsofaffin sakamakon nan ma, na shekarun baya, ba za a iya rage su ba?"

"Tsofaffin ɗalibai suna zuwa neman su, ranka ya daɗe."

"To, ki dai duba. Na san ba za ki ba mu kunya ba."

Sai da ta fito ta kai bakin baranda ta lura bai amsa tambayarta ba.

Ranar Asabar da safe ta bar 'yan biyu wurin babansu ta tafi makarantar. Babu kowa sai mai gadi da ke wanke kekensa a bakin famfo. Ɗakin koyo a rufe, ofis a rufe, babu kwamfuta ko ɗaya a kunne. Amma da ta buɗe ɗan ɗakin, ƙaramar fitilar da ke nuna injin yana rubutu tana ta ƙiftawa ba ƙaƙƙautawa, faifan yana ƙara ƙasa-ƙasa kamar ana niƙa a maƙwabta. Ta tsaya tana kallo. Sannan ta miƙa hannu bayan injin ta zare wayar intanet. Fitilar ta lafa. Ta ƙirga ashirin ta mayar. Fitilar ta ci gaba da ƙiftawa.

Ashe ɓarawon ba a cikin makarantar yake ba. Daga waje ake turo kaya.

Ta jawo kujera ta buɗe rajistar shiga da fita, wadda injin ke rubuta duk wanda ya taɓa shi. Layi ne dubbai, ta bi su da yatsa a kan allo. Wani asusu mai suna "gyara" yana shigowa duk bayan minti goma, dare da rana, daga wurare bakwai daban-daban. Ta san asusun. Tun ranar da aka kafa injin yake nan, ta ɗauka na hure ƙura da duba lafiya ne, ba ta taɓa bi ta kansa ba. A ƙarƙashinsa akwai folda da aka ɓoye. Ta ɗauki kusan awa guda kafin ta samu hanyar buɗe ta.

Bidiyo ne, an jera su da kwanan wata. Ta danna na farko: kantar wani shagon magani daga sama, wata mata tana ƙirga ƙwayoyi a faranti. Na biyu gidan mai ne, motoci suna shiga suna fita. Na uku sito ne cike da atamfofi. Na huɗu ƙofar wani gida ce, direba yana sa yara a mota da jakunkunan makaranta. Malama ta ji wani iri, kamar ta leƙa tagar mutane, ta yi saurin rufewa. Ta koma can farkon foldar gidan man, ranar da aka kafa kyamarar. Hoton ya yi ta rawa, sama da ƙasa, sannan ya tsaya a kan fuskar mutumin da ke kan tsani yana ɗaure ta, da sukudireba a bakinsa. Yaya ne.

Ta daɗe a zaune, fankarta tana kaɗa mata gefen mayafi. Ba ta goge komai ba, ba ta rufe komai ba. Ta kulle ɗakin ta tafi gida.

Ta tarar da mijinta yana goge rigar aikinsa ta gidan ruwa a tsakar ɗaki, 'yan biyu suna faɗa a kan murfin kwalba. Ta kora su waje ta zauna a hannun kujera.

"Baban 'Yan Biyu, na gano abin da ke cinye mana wuri. Yaya ne. Bidiyon kyamarorin mutanen da ya yi wa aiki yake ajiyewa a injin makaranta."

Dutsen gugar bai tsaya ba. Ya kai ƙarshen hannun rigar, ya juya ta, sannan ya ce, "Kin faɗa wa wani?"

Ta dube shi. Ta yi tsammanin zai ce wane bidiyo, ko ya ce ba zai yiwu ba, ko ma ya yi mata faɗa don ta zargi wansa.

"Ban faɗa ba tukuna. Kai ka sani ne?"

"Ina zan sani? Ni mita nake karantawa, me ya haɗa ni da injinku?" Ya tsayar da dutsen a gindinsa. "Abin da nake nufi, magana ce ta cikin gida. Ki je ki same shi da ladabi. Kada ki manta wanda ya kai ki wurin."

"Ban manta ba. A ɗakin malamai ma ba su manta ba, kullum sai sun tuna mini."

Ya ɗauki wandonsa ya shimfiɗa.

Litinin da aka tashi ta wuce shagon Yaya. Kwalayen kyamara jibge har rufi, wani babban allo a bango yana nuna titi da ita kanta tana shigowa. Ta rusuna ta gaishe shi, ya amsa da fara'a, ya tambayi yara ɗaya-ɗaya, ya sa aka kawo mata lemo mai sanyi. Ta riƙe kwalbar ba ta sha ba, idonta a kan tayil.

"Yaya, dama wata 'yar magana ce. Na ga wasu bidiyo a injin makaranta."

"Au, kin gani?" Ya yi dariya, ko gezau. "Ai na ce wa Shugabanku wata rana sai kin gani, idonki ba ya barci. Ba wani abu ba ne, matar ƙanina. Wuri ne yake zaune a banza, ga intanet ɗinku tana kwana ba mai amfani da ita, na ce bari in ɗan jingina kayan mutane. In ɓarawo ya shiga shago ya ɗauke na'urar da ke naɗa, to akwai kwafi a wani wuri. Shi ke nan."

"Shugaba ya sani ke nan."

"Da izininsa. Shekara biyu ina muku gyara, kin taɓa ganin na kawo takardar biya? Batirin nan da ke riƙe injin in an ɗauke wuta, wa ya kawo? Ƙwaƙwalwa biyu da ke cikinsa masu ƙara masa ƙarfi, nawa ne, aro na ba ku. Hannu ya wanke hannu, ba cuta."

"A da wurare biyu ne, Yaya. Tun farkon zangon nan sun zama bakwai."

"Allah ne ya buɗa kasuwa. Shi ya sa na ce wa Shugaba a sayi babba, kowa ya huta."

 Wato makaranta ta sayi babban inji daga hannunsa don kayansa su samu wurin miƙe ƙafa. Ta haɗiye maganar.

"Yara za su zauna jarrabawa ranar Litinin ta sama. In abin nan yana shigowa, injin ba zai ɗauka ba. Ina roƙon a kwashe kafin Laraba."

"Laraba?" Fara'ar ta ragu. "Ki ba ni wata guda in yi odar nawa injin."

"Ba ni da wata guda, Yaya. Kuma akwai ƙofar gidan mutane a ciki, da 'ya'yansu. In iyayen yaranmu suka ji, ko masu gidan suka ji a makaranta ake ajiye su, ni za a fara kira."

"Wa zai faɗa musu?"

 Ta ajiye lemon a gefen tebur, ta rusuna, ta ce a gaida mutanen gida.

Washegari da sassafe ta shiga ofishin Shugaba ta rufe ƙofa. Bai musa ba. Ya ce magana ce ta baka da aka yi shekara biyu da suka wuce, lokacin da kwamitin iyaye ya ƙi amincewa da kuɗin gyara. Ɗan lungu a cikin injin Injiniya, wato Yaya, ya roƙa, shi kuwa bai san lungu yana girma ba.

"Ranka ya daɗe, kwanakin baya na tambaye ka. Ka ce in matse malamai."

"Ban haɗa abin da wannan ba, wallahi."

Wataƙila gaskiya ya faɗa. Ta kalli fuskarsa ta kasa tantancewa.

"Malamai suna cewa ni nake lalata injin don a saya wurin wan mijina."

"Maganar ɗakin malamai ai iska ce. Abin da nake so, kada wannan ya kai kunnen kwamiti. Ki yi abin da kika ga ya dace da aikinki. Ni dai ban ce ki rufe ba, ban kuma ce ki bari ba."

Ta gane inda aka ajiye ta. In ta bari jarrabawa ta lalace, laifinta ne. In ta rufe aka yi ɓarna a shagon wani babu bidiyo, ita ta rufe. Ta koma ɗan ɗakinta ta rubuta takarda mai layi shida: abin da ta samu, nauyinsa, ranar da za ta rufe asusun, da cewa ba za ta goge komai ba sai mai shi ya kwashe. Ba ta sa sunan kowa ba, sunan asusun kawai. Ta buga kwafi biyu ta kai wa sakatariya ta buga musu hatimin karɓa, ta bar ɗaya, ta ninke ɗaya a jakarta. Sakatariya ta karanta har ƙasa kafin ta buga, ta ɗago ta dube ta ta saman tabarau. Malama ta san kafin tashi kowa zai ji.

Laraba da ƙarfe biyu ta rufe asusun. Fitilar ta lafa, ƙarar faifan ta tsaya. Kafin ta isa gida Yaya ya kira ƙaninsa sau uku. Mijin bai gaya mata abin da aka ce ba. Ya ci abincinsa ya fita, ya bar wayarsa a kife a kan tebur, abin da ba ya yi.

Alhamis da hantsi Yaya ya zo da kansa, da faifai biyu a jakar leda. Ta gaishe shi, ya amsa da kai. Wannan karon ba ta fita ta bar masa ɗakin ba. Ta tsaya a bakin ƙofa awa uku, hannu a harɗe, tana kallon duk abin da yake dannawa, kunya tana cin ta amma ba ta motsa ba. Da ya gama kwashewa ya goge foldar, ya kashe injin, ya ciro sukudireba ya buɗe murfin. Ya zare ƙwaƙwalwa biyu ya naɗe su a takarda. Ya sunkuya ya cire wayoyin batirin, ya rungume shi.

"Aro ne, na gaya miki," ya ce, ba tare da ya kalle ta ba. "Tunda kowa zai riƙe nasa."

"Haka ne, Yaya. Mun gode."

Bai biya ta ofishin Shugaba ba. Shugaba ma bai fito ba, ko da yake labulen tagarsa ya motsa.

Ta kunna injin. Wuri ya samu, giga ɗari uku da ɗoriya, amma rabin ƙarfinsa ya tafi a jakar leda. Ta juye gwangwanin madararta a kan tebur ta gwada duk ƙwaƙwalwar da ta tara. Guda ɗaya ce ta shiga, ita ma ƙarama. Ta kunna kwamfutocin ɗakin koyo ɗaya bayan ɗaya tana kallon yadda injin ke numfashi. A ashirin da huɗu lafiya. A ashirin da biyar ya fara jan ƙafa. Ɗalibai casa'in da shida, ashirin da huɗu a lokaci guda: rukuni huɗu ke nan maimakon uku, kuma na huɗun zai kai bayan tashi. Ga shi babu batiri. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutu, duk amsar da ba a adana ba ta tafi.

Juma'a ta shiga ɗakin malamai lokacin hutu, ta tsaya gaban teburin Taswira inda kowa zai ji.

"Malam, na zarge ka a gaban mutane, kuma ba kai ba ne. Ka yi haƙuri."

Ya ɗago ya kalle ta. "Na ji labarin takardarki. To ke da gaske ba ki sani ba? Shekara biyu, a ɗakin da makullinsa ke jakarki?"

"Ban sani ba."

"Hm." Ya juya cokali a kofi. "Na haƙura. Sauran kuma Allah ya sani."

Ba ta samu fiye da haka ba, ba ta kuma nema ba. Ta faɗi matsalar rukuni na huɗu, ta ce tana bukatar mai sa ido ɗaya da zai tsaya bayan tashi. Kowa ya duƙufa a kan littafinsa. Can Taswira ya ce zai tsaya, da sharaɗin a ƙara masa giga uku. Ta ce biyu. Ya ce ya karɓa.

Ranar jarrabawa ta sa aka tayar da janareta tun kafin rukunin farko ya zauna, aka jona injin a kansa kai tsaye duk da akwai wuta. Man da aka ware na sati guda ya ƙare a ranar, Shugaba ya sa hannu a takardar man. Ta saita injin ya riƙa adana amsa duk minti ɗaya. Ta rufe wa ofis da ɗakin malamai hanyar shiga injin gaba ɗaya, sakatariya ta yini tana rubutu da biro tana tsaki. Sau ɗaya, a rukuni na uku, alluna suka tsaya. Malama ta tsaya a bayan aji tana ƙirgawa a zuci. A goma sha ɗaya suka motsa. Rukuni na huɗu ya fito ƙarfe biyar saura, yara suna hamma, Taswira yana bin su da faɗan su ɗauki jakunkunansu. Ba a rasa amsar kowa ba.

Kwamitin iyaye bai taɓa jin labarin ba, ko kuma ya ji ya yi shiru. Shugaba ya ci gaba da gaishe ta da taushin muryarsa, sai dai ya daina aiko mata da takardun da yakan ba ta ta duba masa. Hure ƙura da duba wayoyi suka dawo kanta; ta koyi abin da ba ta iya ba daga wani littafi mai kauri da ta samo a laburare, wanda rabin shafukansa sun fita. A gida, matar Yaya da takan aiko a ɗauki 'yan biyu duk ƙarshen mako ta yi wata biyu ba ta aiko ba. Yaran suka yi ta tambaya har suka gaji.

Wata Asabar da safe tana zaune a kan tabarma tana taje wa macen cikin 'yan biyun kai, mijinta ya shigo da waya a hannu ya tsaya a bakin ƙofa.

"Matar Yaya ta ce ko za a kai musu yara yau."

"To."

Bai tafi ba. Ya jingina da ƙofar yana murza wayar a tafin hannu.

"Ni dai na taɓa ji ya ce yana ajiye wasu abubuwa a makarantarku. A mota ne, muna hanya. Ban tambaye shi ko mene ne ba."

"Yaushe?"

"Bara. Wajen tsakiyar shekara."

Ta raba gashin yarinyar gida biyu, ta kama ɗaya ta fara kitsawa. Yarinyar ta ce da zafi, ta sassauta hannu.

"Takalmansu suna bayan ƙofar kicin," ta ce. "Ka goge musu kafin in gama."